Rasit Ya Cika, Ina Gaskiyar Binciken?

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai aka ɗauke ni aikin cika fom a ƙauyuka, irin aikin nan na mako biyu da ɗalibai ke rububi lokacin hutu. Tambayoyi ne a kan abincin yara, da zazzaɓi, da gidan sauro. An ce kowa ya kawo fom 25 a rana, kuma a kan yawan fom za a lissafa kuɗinsa. Damina ce, maza suna gona tun da asuba, mu kuma ba ma shiga gidajen aure sai da izinin maigida. Motar da za ta kai mu ba ta zuwa sai rana ta take. In ka yi da gaske, ka zauna ka saurari amsa, da ƙyar ka gama goma kafin la'asar.

Ran kwana na uku na tarar da biyu daga cikin abokan aikina a gindin darbejiya, bayan makarantar firamare, sun ɗora fom a cinya suna cikewa da ka. Ɗaya yana cewa, "Wannan ba ta 'ya'ya biyar, biyu sun yi zazzaɓi." Ɗayan yana sauya biro jefi-jefi don kada tawada ta zama iri ɗaya. Na ce wa babban cikinsu, "Haba Yaya, wannan ai ƙarya ce." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ƙanena, wa zai zo nan ya duba? Su fom suke so, mu kuɗinmu muke so."

Ba wanda ya zo kuwa. Amma da aka gama aiki, rasit ɗin man babur da na kai sau biyu ana dawo mini da shi, wai babu hatimin gidan mai. An tsaya kai da fata a kan 'yan nairori, alhali ba a ɗauki fom ko guda an koma ƙauyen an tambayi matar da aka rubuta sunanta ko wani ya taɓa zuwa wurinta ba. Ban kai ƙarar abokan aikina ba a lokacin, kuma har yau abin yana damuna, domin alƙaluman nan sun shiga rahoto, rahoton kuma da shi ake tsara inda za a kai magani.

Tun daga nan nake kallon takardun da ake sa wa hannu tsakanin mai ba da kuɗin bincike da mai karɓa da wani ido daban. Yarjejeniyar tallafin bincike takan cika shafuka da maganar kuɗi: yaushe za a saki kashi na farko, wane banki, sayen me ya halatta, ranar kawo rahoto, abin da zai biyo baya in kwabo ya ɓata. Maganar gaskiyar abin da za a gano kuwa, ko dai a dunƙule ta a jimla guda ta fatar baki, ko a yi shiru, ko ma a sa sharaɗin da zai danne ta. Ni a ganina amanar bincike a takardar nan take rayuwa ko ta mutu, tun kafin a taɓa kwalba ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje. Kuma nauyin ya kamata ya hau kan ɓangarorin biyu, domin mai kuɗi ma yana cin amana, sau da yawa ma nasa ya fi muni, tunda shi ne ke rubuta takardar.

Labarin Dakta Nancy Olivieri ya isa misali. Likitar cututtukan jini ce a asibitin yara na Toronto a Kanada, tana kula da masu talasimiya, cutar da ake gado 'yar'uwar sikila. Masu ita suna rayuwa ne da ƙarin jini a kai a kai, ƙarin jinin kuma yana tara sinadarin ƙarfe a jiki har ya lalata zuciya da hanta. Maganin da ake da shi a lokacin allura ce da wata 'yar na'ura ke ɗura wa mutum a ƙarƙashin fata tsawon dare, kusan kowace rana. Duk uwar da ta taɓa jinyar yaro ta san abin da wannan ke nufi. Saboda haka da aka samu ƙwayar haɗiya mai suna deferiprone, kowa ya sa rai. A 1993 Olivieri ta sa hannu da kamfanin Apotex don a gwada ƙwayar, kuma a cikin takardar akwai sharaɗin sirri: ba za ta bayyana abin da ta gano ba sai da izinin kamfani, har shekara guda bayan kammala gwaji.

Ana cikin tafiya ta lura cewa a jikin wasu marasa lafiyarta maganin ya daina rage ƙarfen yadda ake zato. Ta kai wa kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin, kwamiti ya ce ta sabunta takardar neman yarda, ta gaya wa mutanen halin da ake ciki. A watan Mayun 1996 kamfanin ya dakatar da gwajin, ya kuma gargaɗe ta cewa zai kai ta kotu in ta yi magana. A tsaya a dubi wannan da kyau. Ga likita, ga yaro a gabanta yana shan ƙwaya kullum, ga wasiƙar lauya ta ce kada ta gaya wa iyayensa abin da ta gani a jikinsa. Ta gaya musu. Daga baya ta ga alamun da ta fassara da illa ga hanta, ta kuma wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a 1998.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne matsayin asibitin da jami'ar Toronto. Lokacin da take buƙatar a tsaya mata, ba su tsaya yadda ya kamata ba. A daidai shekarun jami'ar tana tattaunawa da Apotex a kan gudummawar miliyoyin daloli don gina wani katafaren ginin bincike. Baki in ya ci, ido kan ji kunya. A farkon 1999 asibitin ya sauke ta daga shugabancin sashenta, sai da manyan masana daga waje suka sa baki aka mayar da ita. A 2001 wani kwamiti mai zaman kansa da ƙungiyar malaman jami'o'in Kanada ta kafa ya fitar da dogon rahoto, ya wanke ta, ya ce ba daidai ba ne a amince da sharaɗin da zai hana likita sanar da marasa lafiya haɗari.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Masana da yawa ba su yarda da fassararta a kan hanta ba. An amince da maganin a Turai a 1999, a Amurka a 2011, a 2021 ma aka faɗaɗa izininsa ga masu sikila da ƙarfe ya taru a jikinsu, kuma akwai likitocin da ke ganin amfaninsa sosai. To amma wannan bai rage komai daga hujjata ba. Saɓani tsakanin masana a fili ake warware shi, wannan ya kawo alƙalumansa, wancan ya kawo nasa, wasu su sake gwadawa. Ko da a ce Olivieri ta yi kuskure, mujalla da taron masana ne wurin nuna kuskurenta. Wasiƙar lauya ba ta tabbatar da ingancin magani.

Kafin nata akwai na Betty Dong, masaniyar harhaɗa magunguna a jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. A ƙarshen shekarun 1980 masu maganin Synthroid, wanda ake sha saboda raunin ƙwayar wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, suka ba ta dala 250,000 ta kwatanta nasu da wasu masu araha. Sun ɗauka nasu zai yi fice. A 1990 ta gama, sai ga shi duk aikinsu ɗaya. Ita da abokan aikinta sun ƙiyasta cewa in aka koma masu arahar, Amurkawa za su rage kashe dala miliyan 356 a shekara. Kamfanin Boots, wanda maganin ke hannunsa a lokacin, ya nuna mata sakin layin da ta sa wa hannu: babu wallafawa sai da rubutaccen izini. Mujallar JAMA ta riga ta karɓi maƙalar za ta fito a farkon 1995, Dong ta janye ta, domin jami'arta ta ce ba za ta kare ta a kotu ba. A shekarar ma'aikatan kamfanin suka ɗauki alƙaluman nata suka wallafa a wata mujalla da sakamako kishiyar nata. Sai da jaridar Wall Street Journal ta fasa ƙwai a 1996, sannan aikinta ya ga hasken rana a 1997. Shekara bakwai mutane suna sayen tsada saboda jimla ɗaya a takarda. Jami'ar kuwa tana da ƙa'idar da ta hana karɓar irin wannan sharaɗi tun da can. Ba a duba ba ne kawai.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma ba na raina shi. Zai ce ni na zuba kuɗina, ƙirƙirar magani na cin dukiya mai yawa, in sirrina ya fita kafin in yi masa rajistar mallaka, wani zai kwashe. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski. Gaskiya ne yana da haƙƙi, kuma an daɗe da samo masa hanya: a ba shi maƙala ya duba na wata ɗaya ko biyu kafin a tura mujalla, ya cire sirrin sana'arsa, ya shigar da takardun mallakarsa. Jami'o'i da yawa a duniya haka suke yi. Jinkiri mai wa'adi daban, ikon hanawa daban. Askin da mai bincike ya karɓi lada a kai shi ne ya yi gwaji tsakani da Allah. Bai karɓi lada don ya kawo amsar da ake so ba, kuma in amsar a riga an san ta, me ya sa ake wahalar da marasa lafiya da allura da ɗibar jini?

Irin waɗannan rigingimu ne suka sa editocin manyan mujallun likitanci suka haɗu a 2001 suka ce suna iya ƙin buga aikin da mai kuɗi ya riƙe alƙalumansa ko ya mallaki ikon hana wallafa shi. Daga 2005 kuma suka ce sai an yi wa gwajin magani rajista a bainar jama'a tun farkonsa, don kada a yi gwaji goma a ɓoye tara da ba su yi daɗi ba a nuna ɗaya. A 2017, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, wasu manyan masu ba da tallafi suka yi alƙawarin cewa duk gwajin da suka biya za a bayyana sakamakonsa cikin wata 12 da kammalawa. Duk waɗannan ba su zo haka nan ba, ɓarna aka gani.

Ɗaya hannun kuma, masu karɓar kuɗi su yi ƙarya. Ba zan wanke su ba. Dong-Pyou Han, mai bincike a jami'ar jihar Iowa, ya riƙa gauraya jinin zomaye da sinadaran kariya na jinin mutum, sai gwaji ya nuna kamar an kusa samo rigakafin ƙanjamau. Ya ce abin ya faro ne daga kuskuren cakuɗuwar samfuri, ya ji tsoron gaya wa maigidansa, sai ya ci gaba da rufe ƙarya da ƙarya shekara da shekaru, gwamnati kuma tana ta zuba kuɗi. A 2015 aka yanke masa ɗaurin wata 57, aka ce ya mayar da dala miliyan 7.2.

Amma shari'ar da ta fi jan hankalina ita ce ta jami'ar Duke. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, Erin Potts-Kant, mai auna aikin huhun ɓeraye, ta daɗe tana ƙirƙiro alƙaluma, alƙaluman kuma suna shiga takardun neman tallafi daga hukumomin gwamnatin Amurka. Wani tsohon ma'aikacin jami'ar, Joseph Thomas, ya shigar da ƙara a madadin gwamnati. A watan Maris na 2019 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 112.5, shi kuma ya samu miliyan 33.75 daga ciki. Dokar da aka yi amfani da ita tsohuwa ce, tun 1863, zamanin yaƙin basasar Amurka, an yi ta ne saboda 'yan kwangilar da ke sayar wa sojoji guragun alfadarai da ruɓaɓɓen abinci. Wato doka ta ɗauki alƙaluman bogi a takardar neman tallafi daidai da algus a kayan kwangila. Sannan jami'a aka kama, domin ita ce ta sa hannu ta ce abin da ke takardar gaskiya ne. Wannan shi ne daidai. Idan jami'a na yanke kasonta daga kowane tallafi da sunan kuɗin gudanarwa, tana kuma alfahari da adadin a bikin yaye ɗalibai, ba ta da bakin cewa ba ta san abin da ake yi a ɗakunanta ba.

Mu nan ba sai an ba mu labarin nesa ba. A 1996 annobar sanƙarau ta faɗa wa arewacin Najeriya, ta kashe mutum wajen 12,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali ma'aikatan kamfanin Pfizer suka sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, inda likitocin agaji na MSF ke ta fama da marasa lafiya. Suka ɗauki yara 200, rabi aka ba su sabon magani Trovan, rabi aka ba su ceftriaxone, maganin da aka saba amfani da shi. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi wannan ɓarna, cewa ya ceci rayuka, cewa an nemi yardar iyaye da baki ta hanyar ma'aikatan jinya. Iyaye da yawa sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi.

Abin da ya shafi maganata shi ne takarda. Bayan jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen 2000, sai ta bayyana cewa wasiƙar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, mai ɗauke da sunan asibitin koyarwa na Aminu Kano, an rubuta ta ne bayan an gama gwajin aka mayar da kwanan wata baya, kuma a lokacin gwajin asibitin ba shi ma da irin wannan kwamiti. Kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya gama rahotonsa a 2001, rahoton ya yi shekara biyar a ɓoye sai da ya ɓulla a jarida a 2006. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara 15 ke nan bayan an binne yaran.

Hasarar ba ta tsaya a kan iyalan nan ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, sunan Trovan yana cikin abin da mutane ke ambata a majalisa da bakin masallaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kafin a dawo da rigakafin a 2004 cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su san wata yarjejeniya ba, amma sun biya kuɗinta da ƙafafunsu.

Wannan ne ya sa nake cewa a kowace yarjejeniyar bincike akwai mutum na uku da ba ya wurin sa hannu: uwar da ta miƙa hannun ɗanta, manomin da aka gwada iri a gonarsa, talakan da za a tsara masa manufa da alƙaluman. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma ta ce idan wanda abin ke kansa mai rauni ne, ko ba zai iya shifta da kansa ba, waliyyinsa ya yi masa shiftar da adalci. Ayar da ke biye ta hana ɓoye shaida. Sakamakon bincike shaida ne. Jami'a da kwamitin ɗa'a su ne a matsayin waliyyin wanda ba ya nan, kuma sharaɗin da ya ce a ɓoye shaida bai kamata alƙalaminsu ya taɓa shi ba.

Yanzu a dubi yadda ake sa hannu a wurinmu. Malamin jami'a da ya yi watanni albashi na masa gardama, ɗakin gwajinsa ba wuta ba sinadarai, sai ga saƙo daga wata jami'a ko kamfani na ƙetare: muna so mu yi aiki da kai, ga takarda, a dawo da ita kafin Juma'a. Shafi arba'in na Turancin lauyoyi. Na taɓa zama da wani aminina muna karanta irin wannan, har muka kai sakin layin da ya ce duk alƙaluma da samfurin jinin da za a tara mallakar abokan hulɗa ne, kuma ba zai wallafa komai ba sai sun amince. Na ce masa, "Malam, ka ga wannan kuwa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Na gani. In na yi magana za su tafi wata jami'ar, ɗalibaina uku kuma da wannan kuɗin za su gama digirinsu." Ban ga laifinsa ba. Laifin na tsarin da ya bar shi shi kaɗai a gaban lauyoyin wata ƙasa ne. Betty Dong da Olivieri, a manyan jami'o'in duniya, sun sa hannu a kan abin da ya zame musu ƙarfen ƙafa, ina ga wanda yunwa ke bi?

Maganin wannan ba a hannun mutum ɗaya yake ba. In kowace jami'a ta ce ba ta karɓar sharaɗin hana wallafawa, barazanar "za mu tafi wani wuri" ta mutu. Ba ma sai an ƙirƙiro sabuwar doka ba. Tun 2007 Najeriya ke da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, wanda kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, NHREC, ya fitar, kuma darasin Kano na cikin abin da ya haife shi. Kundin ya ɗora wa kwamitocin ɗa'a nauyin kare haƙƙin mai bincike na wallafa aikinsa, ya kuma wajabta rubutacciyar yarjejeniya kafin a fitar da samfuri daga ƙasa. Abin da nake so shi ne kwamitin ya riƙa karanta takardar kuɗi da irin idon da yake karanta tsarin gwaji. In ya ga an ce likita ba zai gaya wa mara lafiya haɗari ba sai da izini, ya mayar da takardar ko nawa ne a ciki. In bai ga inda aka ce mai binciken gida zai riƙe kwafin cikakkun alƙaluma ba, ya ce a sa. Haka sunan wanda ya sha rana ya tara bayanai, a rubuta tun farko inda zai fito a maƙala, kada a gama a tura shi layin godiya. Tun ran gini ran zane.

Kuɗinmu na gida ma haka. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana raba tallafin bincike ga malaman manyan makarantu daga harajin da ake karɓa a hannun kamfanoni. Dukiyar jama'a ce. Ina so in ga ranar da wanda ya karɓa zai san cewa bayan rasit za a iya cewa ya kawo littafin da ya rubuta awonsa na yau da kullum, da ainihin fom ɗin da aka cika, a ɗauki 'yan kaɗan a bi sawunsu. Wanda aka kama ya ƙirƙiro alƙaluma ko ya kwafi aikin wani ya mayar da kuɗi, a hana shi nema na wasu shekaru, makarantarsa ma ta ɗanɗana. Amma a rubuta masa kariya a wannan takardar: in ya yi aiki da gaskiya sakamako ya fito ba yadda aka so ba, wannan ba gazawa ba ce, ba za a riƙe masa kashi na biyu ba. Yawancin ƙaryar da ake yi a bincike daga tsoron kawo "ba a samu komai ba" take tasowa. Matsin ƙarin girma ma ya ishi malami, ga mujallun biya-a-buga-maka da ke jiransa a intanet. Sannan ƙaramin ma'aikaci ko ɗalibin da ya ga ana maguɗi ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wadda ba ta ofishin maigidansa ba, ya kuma san ba za a kore shi ko a riƙe masa digiri ba.

Za a ce takarda ba ta sa maƙaryaci ya zama mai gaskiya. Haka ne. Wasiƙar Kano ma ai takarda ce. Amma mutane da yawa ba maƙaryata ba ne, ba kuma waliyyai ba ne, inda aka karkata musu hanya nan suke bi. Abokan aikina na gindin darbejiya ba su fito daga gida da niyyar cuta ba. Wani ne a ofis ya rubuta fom 25 a rana ba tare da ya taɓa taka ƙauye da damina ba, ya ɗaura kuɗi a kan adadi, bai ware ko sisi don a koma a tantance ba. Da an biya mu a kan kwanakin aiki, an ɗauki mata cikinmu da za su shiga gidaje, an ce duk fom goma za a zaɓi ɗaya a koma gidan a tambaya, da kuɗin da za a ƙara bai kai na taron ƙaddamar da rahoton a otal ba. Ni na kawo fom 112 a mako biyun nan, aka biya ni ƙasa da rabin abin da suka samu, shugaban aikin kuma ya ce mini in ƙara himma in ina so a sake kira na.